Ƙwaya a tsakiyar tuwo: wata biyar ina lallashin cikina

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau da dare na sha ƙwayar farko. Metformin ce, mai miligiram 500, guda ɗaya. Likita ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da na ci, lokacin da na sha magani, da yadda cikina ya kwana. Na ɗauko ɗaya daga cikin kayen da nake ajiye wa yaran ajina, na rubuta kwanan wata a sama.

Wannan shi ne karo na biyu. Bara an taɓa rubuta mini wannan maganin a wani wuri, mai 850, safe da yamma, ba tare da an ce mini komai a kan abinci ba. Na riƙa haɗiye shi da shayi kafin in fita lekol. Kwana biyar na yi ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, a na shida na jefa kwalin cikin kwaba. Ban koma na faɗa ba, kunya ta hana ni, kuma na ɗauka jikina ne ya ƙi maganin. Shekara guda ta wuce a haka.

Shekaruna 29, aurena ya shiga shekara ta biyar, ban taɓa ko ɓari ba. Al'adata takan yi wata uku, wani lokaci huɗu, ba ta zo ba. Gashi ya fito mini a haɓa, ina tsige shi a ɓoye. Bayan wuyana ya yi baƙi ƙirin, Inna ta sha ce mini in ƙara cuɗawa da soso, alhali ba dauɗa ba ce. A takardar eko, wato hoton ciki, an rubuta sunan ciwon SOPK, ƴan Najeriya kuma PCOS suke cewa. Likita ta juyo mini da hoton na gani da idona: ƙananan ƙwai jere a gefen ma'ajiyar ƙwai kamar ƴaƴan carbi, sun fara girma sun tsaya, babu wanda ya nuna balle ya fito. Ta ce tun 2003, a wani taro da aka yi a Rotterdam, likitoci suka amince a duba alamu uku, wato rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza a jiki, da irin wannan hoton. Wadda aka samu da biyu, bayan an tabbatar ba wani ciwon ba ne, tana da shi. Ni duka ukun ne.

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: "Likita, ni da ba ni da ciwon sukari, me ya haɗa ni da maganin masu sukari?" Ta ce a jikin da yawa daga cikinmu insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ba ya aiki yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta zubo shi da yawa, yawansa kuma yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta riƙa fitar da sinadarin maza. Baƙin wuyan ma daga nan yake. Metformin yana rage sukarin da hanta ke saki cikin jini, yana sa jiki ya fi jin insulin. Kafin ta rubuta sai da aka auna ƙodata, saboda ta fitsari maganin ke fita. Nauyina kilo 84.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Kwana huɗu. Ciki na ƙugi da dare, da asuba na zaga sau biyu, ruwa-ruwa amma ba sosai ba. Bakina kamar na tsotsi ƙusa. Ko ruwan randa na sha sai in ji ƙarfe. Abinci bai ba ni sha'awa, amma na ci. Wannan zan iya ɗauka.

Talata, 12 ga Nuwamba

Jiya na ƙara ta biyu da safe, kamar yadda muka tsara, mako guda bayan ta farko. Yau na ga abin da ban so ba.

Na karya da shayi da rabin burodi a tsaye, na haɗiye ƙwayar, na hau kabu-kabu. Wajen ƙarfe tara da rabi ina gaban allo da alli a hannu, ina koya wa yara cire lamba, sai na ji cikina ya murɗa daga cibiya zuwa ƙasa. Gumi ya karyo mini duk da sanyin safiya. Yara sun haura saba'in a ajin, ba a barin su haka nan. Na miƙa wa babbar cikinsu sanda na ce ta riƙa karanta musu, na fita da sauri amma ba da gudu ba, don kada a gane. Makewayin malamai yana can ƙarshen fili. Na isa na tarar da buta wayam, bido ma babu ko ɗigo. Duk wanda ke zaune a Damagaram ya san ruwa ba abin da ake samu a kowane lokaci ba ne, amma sai yau na san zafin hakan a jikina. Wata abokiyar aikina ce ta hango ni tsaye, ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauko ledar ruwa biyu daga jakarta ta miƙo mini. Allah Ya saka mata.

Sau huɗu na fita kafin a tashi. Da na dawo gida na kwanta a tabarma na yi kuka. Maigida ya ce, "In abin nan zai wahalar da ke haka, ki bar shi, Allah ne ke ba da haihuwa." Na san don tausayi ya faɗa. Na ce masa bara ma haka na yi, ban ga abin da na samu ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na koma wurin likita da littafina. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta karanta shafin Talata ta ce, "Malama, shayi da rabin burodi ai ba abinci ba ne." Ta ce in koma guda ɗaya da dare har mako biyu ko uku, babu wanda ke korar mu.

Ta yi mini bayanin da na so a ce na ji tun bara. Ba duka ƙwayar ke shiga jini ba, kusan rabi ne ko sama da haka kaɗan. Sauran yana zama a hanji, bangon hanjin ma yana tara shi da yawa. A can yana sa hanji ya riƙa motsi da sauri, yana kuma rage yadda hanji ke mayar da ruwan matsarmama cikin jiki, sai ruwan ya gangara zuwa babban hanji ya jawo ruwa, shi ne zawon. Ta ce cikin mutum goma masu shan sa, biyu zuwa uku suna samun damuwar ciki, yawanci a makonnin farko ko lokacin da aka ƙara yawansa, kuma ga mafi yawansu abin yana lafawa. Waɗanda dole sai sun bar shi gaba ɗaya ba su wuce kamar biyar cikin ɗari ba.

Abu uku ta ce in riƙe. Kada in sha shi ciki babu komai. In sha shi a tsakiyar cin abinci ko da gama ci, kada in bari sai na wanke hannu na yi hira. Kuma duk ranar da amai ko zawo ya yi tsanani har na kasa riƙe ruwa, in dakatar da shi in neme ta. Wannan na ukun ta maimaita shi sau biyu. In jiki ya bushe ƙoda ba ta tace maganin da kyau, sai ya taru, yana iya jawo wani tsami a jini mai haɗari. Ta ce abin ba ya faruwa sosai, amma a garin zafi irin namu ba a wasa da bushewar jiki.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yanzu littafin ya fara yi mini magana. Na zauna bayan la'asar na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, na sa alama a daren da na yi barci lafiya da wanda ban yi ba.

Duk daren da na ci tuwon hatsi da miyar kuka ko ta kuɓewa, na yi loma biyar ko shida, na haɗiye ƙwayar da ruwa, na ci gaba da ci, to cikina shiru har safe. Haka ma dambu da zogale in ba a cika masa mai ba. Daren da na ci taliya da mai da yaji, na tashi sau biyu. Shinkafa da wake tana kumbura ni, in yi ta gyatsa, amma ba ta sa ni zawo. Wake kam ko babu magani halinsa ke nan, na rage shi kawai, na kuma riƙa jiƙa shi tun dare ina zubar da ruwan.

Abin da ya fi ba ni mamaki fura ce. Ni da fura tun ina yarinya, rana ba ta faɗuwa ban dama ba. Ashe ranar da na zuba mata sukari cokali uku, kamar yadda na saba, ita ce ranar da cikina ke kumbura ya yi ta kuka. Na gwada ta da nono mai kauri babu sukari, na sha rabin abin da na saba sha, ban ji komai ba. Kwana biyun farko ta yi mini salam a baki, yanzu har na fara jin ɗanɗanon hatsin da citta da kanumfari, waɗanda da sukari ke rufewa.

Lemun kwalba na daina. Kunun tsamiya ma na ajiye shi tukuna, kowa ya san tsamiya tana saki ciki. Fanke da alkaki sai dai in gani a faranti in kau da kai, kuma alkakin garin nan ba abin da ake kau da kai a kansa da sauƙi ba ne. Tashin zuciya in ya taso, ina jefa ɗan yankan ɗanyar citta a ruwan zafi in kurɓa a hankali, yana kwantar mini.

Wannan cikina ne na rubuta. Wata tana iya cin taliyar ta kwana lafiya, tuwon ya dame ta.

Litinin, 2 ga Disamba

Na sake gwada ta safe. Wannan karon na tashi da wuri na ɗumama tuwon jiya, na zauna na ci sosai, na sha ƙwayar a tsakiya. Na fara tun ranar Asabar da gangan, don in abin ya zo ya same ni a gida. Asabar na zaga sau uku, Lahadi sau biyu, yau sau ɗaya kafin in fita. A jakata yanzu kullum akwai ledar ruwa biyu da ɗan sabulu. Ban buƙace su ba yau.

Litinin, 16 ga Disamba

Na yi ganganci. Asabar aka yi bikin ƴar ƙanwar Hajiya, uwar mijina, a Birni. Tun safe muna kan aiki ban ci komai ba, da aka sauke shinkafa wajen ƙarfe uku na ci da yawa, mai yana kwance a kanta, na bi da nama da lemu mai sanyi kwalba biyu. Na tuna ban sha ta safe ba, sai na haɗa biyu na haɗiye a lokaci guda. An riga an hana ni yin haka. Wadda aka manta an manta ta, ba a rama ta.

Tsakar dare amai ya fara, zawo ya biyo baya. Kafin asuba na zaga ya fi sau takwas, ƙafafuna na rawa, leɓena ya bushe. Yayata ta zo da safe da Flagyl a ƙullin leda, ta saya wurin mai tallar magani a bakin Kasuwar Dole. Ta ce, "Sha biyu, ƙanwata, yanzu zai tsaya. Ga jar kanwa ma na jiƙa miki." Na ce, "Yaya, bari in fara kiran likita." Ranta bai so ba, ta ce tun kafin a haife ni ake shan kanwa. Ban yi musu da ita ba, na dai kira.

Likita ta ce in ajiye metformin gaba ɗaya har sai na yi kwana ɗaya zuwa biyu ina ci ina sha lafiya. In narka gishirin zawo fakiti ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya in riƙa kurɓa, in babu shi, sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya. Flagyl kuma kada in taɓa sai an auna bayan gidana, don ba kowane zawo ne na ƙwayar cuta ba, kuma shi kansa yana tayar da zuciya. Yau na kai awon. Wasu mutum uku da suka ci abincin bikin su ma sun kwana suna zagawa, ke nan ba laifin maganin kaɗai ba ne.

Alhamis, 19 ga Disamba

Awo bai nuna komai ba. Jiya na koma guda ɗaya da dare, ranar Asabar zan mayar da ta safe. Yaya ta aiko mini da kunun kanwa, na sha kaɗan don ta ji daɗi.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Ranar ganin likita. Kilo 82. Ban yi wani abin kirki ba ban da barin sukari da lemu, sai tafiyar da nake yi da ƙafa daga lekol zuwa gida da yamma, kamar minti talatin, tunda sanyi ne.

Inda muke son kaiwa shi ne miligiram 1500 a rana, wato ƙwaya uku. Lokacin hutun ƙarshen shekara na gwada ta uku da rana, kwana tara ina fama, cikina bai karɓa ba. Zawon ba mai yawa ba ne, amma ba ya sallama, yana zuwa ne kawai, kuma da an koma aji ba zan iya ba. Na koma biyu da kaina, na rubuta dalili. Likita ta ce na yi daidai da na rubuta ban ɓoye ba.

Ta kawo maganar wani nau'in metformin ɗin da ke narkewa sannu a hankali cikin sa'o'i, ana rubuta LP ko XR a kwalinsa. Tunda ba ya zubewa a hanji lokaci guda, mutane da yawa cikinsu ya fi karɓar sa, kuma sau ɗaya ake sha, da abincin dare. Ya fi tsada. Na zaga farmasi uku ban samu ba, na huɗu ya ce zai sa a kawo daga Yamai, in ba shi mako biyu zuwa uku. Maigida ya ce a kawo na wata uku gaba ɗaya, kada a fara a tsaya.

Talata, 21 ga Janairu

Al'ada ta zo yau da kanta, ba tare da an ba ni maganin kawo ta ba. Rabona da ita tun farkon Oktoba. Na daɗe zaune a bakin gado ina hamdala. Wadda ba ta taɓa ƙirga wata huɗu tana jira ba, ta je a auna a ce babu ciki, ba za ta gane yadda mace ke murna da ciwon mara ba.

Hajiya ta lura na rame. Jiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ƴata, wannan maganin da ke zuke ki, anya na haihuwa ne? Mace ai sai da jiki take ɗaukar ciki." Ta ce akwai wata mai magani a hanyar Mirya da ake yabo. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki ƙara mini haƙuri zuwa bayan salla, in ba a ga canji ba sai mu sake shawara." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya sa a dace. Ba ta taɓa ce mini juya ba, ko da wasa, amma na san akwai masu faɗa mata a waje, kuma ita ma tana da nata nauyin da take ɗauke da shi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

LP ya iso ranar Laraba. Ƙwayar ta fi waccan girma. Mai farmasi ya ja mini kunne kada in raba ta, kada in tauna, kada in daka, in haɗiye ta yadda take, in ba haka ba duk maganin zai fita lokaci guda. Na fara da biyu a tsakiyar tuwon dare.

Bambancin a fili yake. Safiya ta zama tawa, ina shiga aji ba tare da na fara lissafin nisan makewayi ba. Ɗanɗanon ƙarfen ma ya ragu, ko kuma na saba da shi.

Ranar Asabar na tsorata. Na ga wani abu fari-fari mai siffar ƙwayar a bayan gidana, na ce shi ke nan, kuɗinmu na fita yadda ya shiga. Na koma farmasi da kunya na faɗa a hankali. Ya ce ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya tsotse ya fita daga cikinsa, kuma hakan na faruwa da irin wannan ƙwayar. Na rubuta shi nan saboda na tabbata akwai wadda za ta gani ta daina sha.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mako guda ke nan ina shan uku da dare, 1500 cif. Kwana biyun farko ciki ya yi ƙugi, daga nan shiru.

A layin asibiti na zauna kusa da wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba, daga wani ƙauye ta wajen Magariya. Na hango irin baƙin wuyana a ƙarƙashin mayafinta. Hira ta kai mu ga magani, ta ce an ba ta metformin watanni shida da suka wuce, ta sha kwana uku ta bari. Kishiyarta ta ce mata maganin hana haihuwa ne aka ba ta a ɓoye, shi ya sa yake wanke mata ciki. Ta yarda, don babu wanda ya gaya mata wani abu daban. Na buɗe littafina na nuna mata shafin 12 ga Nuwamba da na jiya. Na ce ta faɗa wa likita gaskiya in ta shiga, ba za a kore ta ba.

Abin ya tsaya mini a rai har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata shida zuwa goma sha uku cikin ɗari na masu shekarun haihuwa suna da wannan matsalar, kuma har kashi saba'in cikin ɗari nasu ba a taɓa gano musu ita ba. Wadda ta yi sa'a aka gano mata, aka rubuta mata magani, sai kuma a rasa minti biyu da za a ce mata ta fara da kaɗan, ta sha cikin abinci, zawon zai wuce. Ina ganin wannan babban sakaci ne. Maganin ba sabo ba ne balle a ce ba a san halinsa ba. Tun 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon sukari, shi ya sa masa suna Glucophage, wato mai cin sukari. Na san layi yana da tsawo, ma'aikata kuma kaɗan ne, ni ma mai aji saba'in ce. Duk da haka waɗannan minti biyun su suka ci mini shekara guda.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jiya al'ada ta sake zuwa, kwana 35 tsakani. Na ƙirga sau uku.

Azumi ya ƙarato, na je na tambaya tun kafin a ga wata. Likita ta ce metformin shi kaɗai ba ya cika faɗar da sukarin jini ƙasa sosai, don haka zan iya azumi. Mai shan na sau biyu takan sha ɗaya da buɗa baki ɗaya da sahur. Ni mai LP, duka a buɗa baki, amma ba a kan dabino da ruwa ba, sai na zauna cin abinci na sosai. Ta ƙara mini folik asid, bitamin da ake ba mai neman ciki, ta ce tunda al'ada ta fara daidaita ciki na iya shiga kowane lokaci, kuma da na ga ta yi jinkiri in zo a auna.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumina na huɗu, na farkon sun wuce ni. Ga yadda na tsara: in an kira salla in ci dabino uku, in sha ruwa, in yi magariba. In dawo in sha kunu marar sukari kofi ɗaya. Tuwo sai bayan tarawi, a nan nake shan maganin. Daga nan har sahur ina ajiye gora kusa da ni ina kurɓa. Da sahur fura da nono, babu sukari.

Wahalar ita ce faranti. Ƙosai, fanke, soyayyen dankali, zoɓo mai sanyi da sukari har ƙasa, duk a gabana, ga maƙwabta na aiko da nasu. Ina ɗaukar ƙosai biyu in tura sauran gaban yaran gida.

Laraba, 19 ga Maris

Jiya na ajiye azumi. Shekaranjiya aka yi mana baƙi, na ci soye-soye fiye da ƙima, na sha zoɓo kofi uku, kuma don kada in manta na sha maganin tun kafin tuwo. Zawo ya tashe ni sau biyar kafin sahur. Na ɗauki azumin duk da haka. Wajen sha ɗaya na safe zafi ya buɗe, iska kamar daga bakin tanda, kaina na sarawa, fitsarina ya yi ja kuma ɗan kaɗan. Na tuna maganar da aka maimaita mini sau biyu. Na kira maigida a waya, ya ce, "Ki sha ruwa yanzu, Allah bai ɗora miki abin da zai cutar da ke ba, kya rama." Na sha ruwan gishiri da sukari ina hawaye, don ban taɓa karya azumi da rana tsaka ba tun da na balaga. Daren jiya ban sha maganin ba. Yau jikina ya dawo, na sanar da likita, ta ce in ci gaba gobe in na wuni lafiya.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Na ci naman salla da ɗan alkaki guda, cikina bai ce komai ba. Al'ada ta zo ranar Alhamis da ta wuce, kwana 37. Sau uku ke nan a jere.

Kilo 79 da rabi. Likita ta ce na sauke kashi biyar cikin ɗari na nauyina, kuma ko wannan kaɗai yana taimaka wa ƙwai ya riƙa fita. Awon ƙoda lafiya. Wuyana ya fara washewa daga gefe, Inna ce ta fara lura. Gashin haɓa yana nan yadda yake, an ce shi yana ɗaukar lokaci mai tsawo, wataƙila ma sai da wani maganin daban. A wata ukun nan na ƙirga ranakun zawo a littafi: Janairu tara, Fabrairu uku, Maris biyu.

Ta ce wanda ya daɗe yana shan metformin bitamin B12 na iya raguwa a jikinsa, za mu riƙa aunawa lokaci-lokaci, in kuma na fara jin tafin ƙafa ko yatsu na dindiris ko gajiya marar dalili in faɗa da wuri. Ta kuma gaya mini a fili cewa metformin ba shi ne babban maganin sa ƙwai ya fita ba. In zuwa watan Yuni ciki bai samu ba, za ta fara ni da letrozol, na kwana biyar a farkon al'ada, tare da eko don a ga ko ƙwan ya girma. Kafin nan tana son a auna maigida shi ma. Na ɗauka zai yi nauyin baki, sai ya ce in karɓo masa takardar, ranar Alhamis zai je.

Kayen farko saura shafi huɗu. Na sayi na biyu a hanyar dawowa, na kuma biya farmasi na ba da kuɗin LP na wata uku masu zuwa, tunda sai an jira shi daga Yamai.